Kafin Ka Karɓa wa Yaronka Damben Boksin a Abuja

Fara duba tarihin abokin karawar a BoxRec, shafin intanet mai adana tarihin 'yan boksin, amma kada yawan nasarorinsa ya ruɗe ka. Su wa ya buge? Bahago ne? Sabon shiga zagaye 4 ya ishe shi, kowane zagaye minti 3. Ka tabbatar dukansu suna da lasisin NBBofC, hukumar kula da damben boksin ta Najeriya.

Maganar kuɗi a rubuce take: nawa ne, yaushe za a biya, da tarar wanda ya haura nauyi, misali iyakar kilo 66.7 a ajin nauyi na welta. Koci yakan ɗauki kashi 10 cikin 100 na kuɗin. Alkawarin fatar baki ya cinye gumin yara da yawa, abin takaici.

Ranar awon nauyi za a zare wa yaronka ido, a cika baki don ya tsorata. Ya kame bakinsa, ya sauka daga sikeli ya sha ruwa kaɗan-kaɗan.