Kurakuran da ake ta maimaitawa bayan an yi wa kyanwa fiɗiya

Ko a asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello Zariya aka yi aikin, ko a ƙaramin asibitin dabbobi na cikin gari, likita ba ya daɗewa yake gama nasa. Muzuru ɗan tsagi ake yi masa a fatar maraina a cire 'ya'yan, sau da yawa ko ɗinki ba a yi. Aikin mace ya fi nauyi, domin ciki ake buɗewa a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, a ɗinke tsoka, a ɗinke fata. Yawancinsu lafiya lau suke barin asibiti. A gida ake ɓata aikin, kuma galibi masu tausayin dabbar ne ke ɓata shi. Na gaji da jin ana neman shawara bayan ɓarna ta riga ta auku.

Kuskure na farko, mai kashe su, shi ne ba su maganin mutane. Kada ku ba kyanwa farasitamol, ko Panadol ne sunansa ko wani suna, ko ƙwaya ko na ruwa na jarirai, ko rabi ko kwata. Hantar mutum tana da hanyar sarrafa wannan magani ta fitar da shi, ta kyanwa kuwa ba ta da isasshen sinadarin da ke wannan aiki. Sai maganin ya rikiɗe ya zama guba, ya lalata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa.

A gidana abin ya faru. An yi wa wani muzuruna aiki, na kwantar da shi a ɗaki na fita. Wata dattijuwa da ta zo mana kwana ta gan shi ya lafe, tausayi ya kama ta, ta jiƙa farasitamol a cokali ta ɗura masa, ba ta kuma ga abin faɗa ba tunda a ganinta taimako ta yi. Kafin mu gane abin da ake ciki fuskarsa ta kumbura, tafin ƙafafunsa ma haka, dasashinsa ya koma ruwan ƙasa, yana haki baki buɗe. Akwai maganin da ke karya wannan guba, amma sai an kai dabba cikin awannin farko, mu kuwa lokaci ya wuce mana. Muzurun da ya tsallake wuƙar likita ya mutu ta dalilin ƙwayar da ake sayarwa a kowane kanti. Har yau idan na ji wani ya ce "ai ɗan kaɗan na ba ta", raina ɓaci yake yi. Babu kaɗan a nan! Ibufurofen da dikilofenak su ma kada su kusance ta, ƙoda da tumbi suke ci. Maganin ciwon da likitan dabbobi ya bayar shi kaɗai za a ba ta, a awon da ya faɗa, bayan ta ci abinci, kuma idan ta fara amai ko ta ƙi ci a dakata a kira shi. Ni yanzu duk ranar da aka dawo da kyanwa daga aiki, sai na tara mutanen gida, yara da manya da baƙi, na faɗa da babbar murya cewa ba mai ba ta komai sai ni.

Na biyu, cire kwalar robar nan mai siffar mazurari da ake sa mata a wuya. Kowace kyanwa ta tsane ta. Za ta yi ta ja da baya, tana karo da bango, tana kuka, sai a ce an azabtar da baiwar Allah, a cire mata da dare "ta ɗan huta". To, da daren ne take aikin. Wasu har cewa suke yi miyaunta magani ne. Wanne magani? Harshen kyanwa cike yake da ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa, bakinta kuma cike da ƙwayoyin cuta. Cikin dare ɗaya tana iya tsinke zare, kuma ga mace abin da ke bayan wannan ɗinki hanji ne. Kwana 10 zuwa 14 ɗinkin mace ke buƙata, na muzuru kamar mako guda. A bar kwalar duk tsawon wannan lokaci, a ɗaura ta yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninta da wuya, a sa abinci a faranti mai faɗi don bakinta ya kai. Bayan kwana biyu yawancinsu sun saba. Wadda ta ƙi ci sam saboda kwala, nakan yanko ƙafar tsohon wandon yaro mai laushi, in huda wuraren ƙafafu, in zura mata ya rufe ciki. Wannan dabara ta mace ce kawai, raunin muzuru yana ƙarƙashin wutsiya inda tsumma ba ya rufewa.

Sai shafe-shafe. Ban san me ya sa hannunmu ba ya iya barin miki ya huta ba. Wannan ya zo da man shanu, wancan da toka, wani da baƙin mai, mai ganin ya waye kuma ya ɗauko Dettol ko Izal. Waɗannan biyun suna ɗauke da sinadarai dangin fenol, su ma hantar kyanwa ba ta iya fitar da su, kuma duk abin da ya taɓa jikinta sai ta lashe. Ko ɗakin da take kwance ba na bari a goge da su. Ɗinki mai tsabta ba ya buƙatar komai. Ina duba shi safe da yamma, in ɗauki hoto da waya don in gwada da na jiya. Idan datti ya taɓa gefensa, tafasasshen ruwa da ya huce da ɗan gishiri a auduga ya wadatar.

Daren farko maganin barci bai gama sakinta ba, tana tangaɗi, jikinta kuma ba ya riƙe ɗumi. A kwantar da ita a ƙasa kan bargo, ba kan gado ko kujera ba, balle a lokacin hunturu a kan siminti tsirara. Abinci kaɗan da yamma, ruwa a kusa. Madara zawo take sa yawancinsu. Wanka babu shi sai an warke. Yashin da take bayan gida a ciki yana manne wa rauni, a musanya shi da yagaggiyar jarida na 'yan kwanaki. Da damina a kula da ƙuda, don yana yin ƙwai a miki ya zama tsutsa. Yara su daina ɗagata ta ciki.

Kada ku buɗe mata ƙofa don kun ga ta warware a kwana na biyu. Kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce, tana fita katanga za ta hau, daga nan rufin kwano, tsalle ɗaya kuma yana iya ɓalle ɗinkin ciki alhali na waje yana nan daram. Muzuru kuma yana iya yi wa mace ciki har kusan mako 6 bayan fiɗiya, a raba su. Daga baya a rage abinci kaɗan, domin bukatar jikinsu takan ragu, cinsu kuma ya ƙaru, sai ƙiba.

Ɗan tudu mai tauri a ƙarƙashin ɗinkin mace ba lallai matsala ba ne, jiki kan yi haka a kusa da zare. Amma kumburi mai taushi da ke ƙara girma, ko mugunya, ko wari, ko jinin da ya ƙi tsayawa, waɗannan na komawa asibiti ne a ranar. Haka idan dasashi ya yi fari fat, don yana iya nuna jini na zuba a ciki. Haka idan awa 24 ta wuce ba ta ci ba ko ba ta yi fitsari ba. Tun kafin ku baro asibiti ku karɓi lambar likitan, ku tambaye shi wa za a kira idan abu ya taso da dare, sannan ku tambaya ko zaren mai narkewa ne ko sai an dawo an cire.