Yadda Ake Zaɓen Yashin Tankin Murjani A Legas Ba Tare Da Asarar Kuɗi Ba

Legas gari ne na yashi. Ana haƙo shi daga ƙarƙashin ruwa, tifofi na jigilarsa dare da rana, ga bakin teku daga Tarkwa Bay har Lekki. Shi ya sa wanda ya haɗa tankin gilashi na ruwan gishiri don kiwon murjani (halittar teku mai rai da ke gina ƙashi kamar dutse) da kifayen teku yakan ga kamar wauta ce ya sayi yashi da kuɗin dala. Amma yashin da ke bakin tekunmu yawancinsa silika ne, kuma ya sha man jiragen ruwa da dattin magudanai. Murjani ba ya jure ƙazantar da kifin tarwada zai shanye ya kwana lafiya. Na banza a nan shi ne mai tsada.

Abin da za ka nema sunansa aragonayit, wato yashin da ya samu daga ragargajewar murjani da bawon halittun teku. Sinadarinsa kalsiyam kabonet ne, irin wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi. Kafin ka biya, roƙi mai shago ya ba ka ɗan kaɗan a murfin kwalba, ka ɗiga masa ruwan khal ko lemun tsami. In ya yi kumfa yana tsiri-tsiri, kabonet ne. In ya yi shiru, silika ce, ka ajiye. Sannan ka goga maganaɗisu a kai. Baƙin yashi musamman yakan ƙunshi ƙarfe, ya manne a maganaɗisun goge gilashi, ya bi ya zazzana maka tanki. Sai dai gwajin kumfa ba shi ne ƙarshe ba, don niƙaƙƙen bawon kawa da ake zuba wa kaji masu ƙwai shi ma yana kumfa. Yana da araha, amma ba a tace shi don tanki ba, kuma gefensa da kaifi.

Daga nan sai girman ƙwaya, kuma a nan ne aka fi yin da-na-sani. Mai laushi ƙwarai, wanda bai kai milimita 1 ba, ya fi kowane kyau a ido, fari tas. Matsalarsa ita ce murjani na son ruwa mai motsi da ƙarfi, famfo na tashi sai yashin ya tashi, ya taru a kusurwa guda, ya bar gilashin ƙasa tsirara, ragowar ya sauka kan murjani ya hana shi buɗewa. Mai gwari-gwari kuwa, daga milimita 3 zuwa sama, ba ya motsi, amma kashin kifi da ragowar abinci na shigewa tsakaninsa su ruɓe, gansakuka ta samu taki. Wanda na fi yarda da shi shi ne na tsakiya, milimita 1 zuwa 2, kusan ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Kamfanin CaribSea na Amurka na sayar da irinsa da sunan Special Grade. In kana da niyyar ajiye kifayen da ke tace yashi da baki ko masu binne kansu su kwana a ciki, ka karkata zuwa mai ɗan laushi, don mai kaushi na ƙuje musu jiki.

Za a nuna maka iri biyu: busasshe, da jiƙaƙƙe wanda ake kira mai rai, don an ɗure shi da ruwa da ƙwayoyin bakteriya masu amfani. Mai ran ya fi tsada, wani ɓangare na nauyinsa ruwa ne, kuma da kilo ake biyan kuɗin dako. Ka tuna buhun nan ya yi makonni a teku, ya zauna a kwantena cikin zafin Apapa, ya kuma zauna a shago. Duba ranar ƙarewarsa, in kuma ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka karɓa ko kyauta ne. Ni dai shawarata busasshe. Bakteriya za su kama shi da kansu daga duwatsun tankin cikin makonni 4 zuwa 6, ko ka roƙi yashi kofi guda daga tankin wani abokin harka wanda ka san kifinsa lafiya lau suke.

Kada ka sayi buhu da ka. Auna tsawo da faɗin tankin da santimita, ka ninka su da juna, ka sake ninkawa da kaurin yashin da kake so, ka raba da 1,000, ka samu lita. Kowace lita kusan kilo 1.5 ce. Tanki mai tsawon 120 da faɗin 45, a kaurin santimita 3, zai ci lita 16 da ɗoriya, wato wajen kilo 24. Buhunan Amurka galibi fam 20 ne, kimanin kilo 9, ke nan uku sun isa har da saura. Da wannan lissafin za ka kwatanta farashi kilo da kilo, ba buhu da buhu ba. In mutum biyu ko uku za ku haɗa ku yi oda ta jirgin ruwa, ya fi, don yashi ta jirgin sama kuɗin dakonsa kan zarce kuɗin kayan.

Kaurin ya tsaya tsakanin santimita 2 da 5. Akwai masu yin mai zurfi, 10 zuwa 15, don bakteriyar ƙasa su rage naitiret, wato sinadarin da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi da ragowar abinci. Dabara ce mai aiki, amma ban ba mai zama a Agege ko Idi-Araba shawararta ba sai yana da inbata da batir mai ƙarfi. In an ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar ruwa na raguwa da sauri, kuma shimfiɗa mai kauri cike take da halittun da ke shaƙarta. Ga kuɗinta ya ninka sau uku ko huɗu.

In kaya ya iso, zuba busasshen kaɗan-kaɗan a bokiti, kwata kawai, ka sa tiyo kana juyawa da hannu. Ruwan zai fito fari kamar madara. Ci gaba da tsiyayewa har ka iya hango yatsunka a ciki. Ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da tataccen ruwan RO, wato wanda na'ura ta cire masa gishiri da sauran sinadarai, ba na rijiyar burtsatse ba, don na unguwanni da dama a Legas na ɗauke da ƙarfe. Mai rai ba a wanke shi. Jera duwatsu a kan gilashi tukuna, sannan ka zuba yashi kewaye da su, kada kifi mai tono ya rushe maka gini. Ɗora faranti a kan yashin ka zuba ruwan gishirin a kansa a hankali. Hazon zai kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma in bayan 'yan makonni ka ga ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashin, kada ka kwashe shi: sabon tanki kan yi haka, tana wucewa da kanta.