Yadda Za Ka Zaga Tsohon Birnin Boston Kai Kaɗai a Yini Guda

Boston na Amurka ba garin da sai da ɗan rakiya ba ne. Tun shekarun 1950 aka shata jan layi a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, wani wuri da jan bulo, wani wuri da fenti, ya haɗa wuraren tarihi 16 a tsawon kilomita huɗu. Sunan hanyar Freedom Trail. Sai dai yawancin baƙin da na gani kuskure ɗaya suke yi: su fara daga lambun Boston Common bayan hantsi, su ɓata rabin yini a maƙabartu da shagunan tsaraba, kafin su isa unguwar Charlestown ƙafa ta mutu, an kuma rufe wurare biyun da suka fi cancantar gani.

Mataki na farko tun da daddare yake farawa. Ka saka fasfo ɗinka a jaka, shi kansa, ba hotonsa na cikin waya ba. Ka yi cajin waya, ka ware takalmi mai taushi wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi a kan tsofaffin duwatsun titunan Boston azaba ce. Jakar ta zama ƙarama, domin kai kaɗai ne, babu wanda za ka ce wa "riƙe mini in shiga in fito". Sannan ka leƙa intanet ka ga lokacin buɗe jirgin ruwa da hasumiyar da zan yi magana a kansu, don yana sauyawa tsakanin lokacin zafi da na sanyi. Ranar Litinin kuwa ka bar ta, galibi jirgin a rufe yake.

Mataki na biyu shi ne gaba ɗayan dabarar: ka fara daga ƙarshen hanya. Ka shiga jirgin ƙasan cikin gari, wanda 'yan garin suke kira "T", ka hau layin Orange, ka sauka a tashar Community College. Ba sai ka sayi tikiti ba, katin banki mai taɓawa ma yana buɗe ƙofa. Daga nan 'yar tafiya ce zuwa hasumiyar Bunker Hill, inda aka gwabza tsakanin sojojin Ingila da mazauna ƙasar ranar 17 ga Yuni, 1775, a farkon yaƙin neman 'yancin Amurka. Ingila ce ta ci filin, amma sojojinta fiye da 1,000 aka kashe ko aka jikkata.

Hasumiyar matakala 294 gare ta, a murɗe, kuma babu na'urar hawa. Hanyar matsattsa ce, mai hawa da mai sauka sai sun kauce wa juna. An rubuta lamba a jikin wasu matakalan, kuma wajen na 150 za ka fara jin numfashin na gabanka kafin naka. A can sama ɗan ɗaki ne mai ƙananan tagogi huɗu. Wanda ya zo nan da safe, ƙarfinsa na jikinsa, zai hau ya sauka cikin rabin awa. Wanda ya zo bayan ya taka kilomita huɗu kuwa, zai ɗaga kai ya kalli tsayinta, ya ɗauki hoto daga ƙasa, ya ce Allah ya kai mu wani jiƙon. Hawan kyauta ne.

Daga nan ka gangara bakin ruwa wurin USS Constitution, jirgin yaƙi na katako da aka saka a ruwa a 1797, wanda ya yi suna a yaƙin 1812 tsakanin Amurka da Ingila. Har yau mallakin rundunar sojin ruwan Amurka ne, sojoji ne ke tsaronsa, su ne kuma ke yi wa baƙi bayani. Shi ya sa duk mai shekara 18 zuwa sama sai ya nuna shaida mai hoto wadda gwamnati ta bayar, a kuma binciki jakarsa kamar a filin jirgin sama. Na ga mutumin da ya bi layi har ya kai gaba, ya miƙa wayarsa da hoton fasfo, aka ce masa ya yi haƙuri. Babu magiya a wurin nan, babu "ranka ya daɗe". Idan ka shiga, kada ka tsaya a sama kawai. Ka sauka ƙasa inda igwogi suke jere, ka kula da kanka, rufin gajere ne. Nan ma ba a biyan ko sisi, kuma akwai bayi mai tsafta a ofishin baƙi na kusa. Ka yi amfani da shi, ka yi alwalarka, domin a tsakiyar gari bayin jama'a wuyar samu gare shi.

Mataki na uku, ka bi jan layin ka tsallake gada zuwa North End, unguwar Italiyawa. Za ka wuce maƙabartar Copp's Hill, sai cocin Old North na 1723, inda aka rataya fitilu biyu a daren 18 ga Afrilu, 1775 don sanar da cewa sojojin Ingila ta ruwa za su bi. Gaba kaɗan gidan Paul Revere ne, wanda ya hau doki a daren nan ya kai gargaɗin zuwan sojojin, ginin katako na wajen 1680. Cocin da gidan da kuɗi ake shiga. Ni dokata, gidan Revere kaɗai za ka biya wa a wannan ɓangare, cocin kuwa kallonsa daga waje ya wadatar.

A nan yunwa za ta kama ka. Miyar kifin kwanson nan da Boston ta shahara da ita, clam chowder, sau da yawa da naman alade ake haɗa ta, haka ma dafaffen waken garin. Ka tambaya kafin ka saya, ba su ɗaukar tambayar da zafi. Idan ka zauna a gidan abinci aka kawo maka, ka sani farashin da ke rubuce ba shi ne za ka biya ba: akwai haraji, akwai kuma ihsanin mai kawo abinci, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Mai lissafi da naira gara ya sayi na tsaye a kasuwar Quincy, ya samu benci ya zauna. Ranar Juma'a da Asabar kasuwar Haymarket tana ci, 'ya'yan itace a can araha ne.

Saura kuma duk a kusa da juna suke. Zauren taro na Faneuil Hall, sai tsohon gidan gwamnati, Old State House na 1713, wanda a gabansa akwai da'irar duwatsu a ƙasa, alamar inda sojojin Ingila suka harbi mutane a 1770, biyar suka mutu. Ɗaya daga cikinsu Crispus Attucks ne, mai jinin Afirka, kuma kabarinsa na maƙabartar Granary da za ka tarar a gaba, inda aka binne Samuel Adams da John Hancock, jagororin neman 'yancin Amurka. Old South Meeting House nan ne aka taru a 1773 kafin a je a zubar da ganyen shayin Ingila a teku. Sai majalisar jiha mai ƙubbar zinariya, sai lambun Common na 1634. Hoto kuwa, ka ba mai iyali wayarka ya ɗauke ka, kada ka ba wanda ya zo da kansa yana tayi.

Idan kana son sallah cikin jam'i, ka koma layin Orange ka sauka a Roxbury Crossing, babban masallacin garin na daf da tashar. A watan Disamba rana tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, don haka a lokacin sanyi ka bar masauki da wuri.