Abin da za ka tambayi likita kafin aikin furostat da mutum-mutumi

Da aka tabbatar Kawu na da sankarar furostat, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, ni aka ɗora wa rakiya daga Mabera a Sakkwato zuwa Indiya. Dillalin da ke kirana ta WhatsApp ba shi da zance sai wata na'ura mai suna da Vinci: wai mutum-mutumi ne zai yi aikin, babu kuskure. Kawu har ya saki jiki.

To, na'urar ba ta taɓuka komai da kanta. Likita ne ke zaune gefe a ɗakin tiyata, ya kifa fuska cikin madubinta, yana sarrafa hannuwanta da yatsu da ƙafa. Ta ƙananan huji biyar ko shida ake shiga cikin, jini ba ya zuba sosai, wannan gaskiya ne. Amma keken ɗinki iri ɗaya ne a Tsohuwar Kasuwa, wani tela ya fitar maka da riga, wani ya ɓata maka shadda.

Saboda haka fara da cewa: "Likita, irin wannan aikin guda nawa ka yi da hannunka?" Nasa, ba na asibitin ba. A 2007 an fitar da bincike a Amurka kan maza 7,765 da likitoci 72 suka yi wa aiki. Cikin shekara biyar, cutar ta dawo wa kusan 18 cikin 100 a hannun likitan da ya yi aiki 10 kafin nasu, amma kusan 11 a hannun wanda ya yi 250. Tiyatar buɗe ciki aka auna a can, sai dai na'urar ma koyonta ake yi, kuma a jikin mutane. Tambayi nawa yake yi a shekara, kuma shi zai zauna daga farko har ƙarshe ko ɗalibi zai karɓa.

Sannan tambayi sau nawa gwaji ke nuna sankara a bakin naman da ya yanko. Mai lissafin aikinsa ba ya kame-kame.

Tambaya mai wuyar ita ce ta riƙe fitsari da ƙarfin namiji. Jijiyoyin ƙarfin namiji suna manne da furostat ɗin, gwanin hannu ne ke ɓare su ba tare da ya ƙona ko ya ja ba, in cutar ba ta kai gare su ba. Kawu ba zai yi wannan magana gabana ba. Na ce, "Kawu, bari in nemo ruwa," na bar shi da tafinta minti ashirin. Kai ma ka fita.

Bayan aikin, robar fitsari takan yi mako ɗaya zuwa biyu. Kada ku hau jirgi sai da takardar gwajin naman da bayanin aikin, don likitan mafitsara a asibitin koyarwa na Danfodiyo zai nema. Bayan mako shida zuwa takwas a auna PSA, sinadarin furostat da ake gani a gwajin jini. Ya kamata ya sauka har ya kusa ɓacewa. In ya kai 0.2, a koma wurin likita ba jira.