Yadda za ka gano tarkon da aka ɗana wa baƙar fata a tsofaffin dokokin zaɓen jihohin kudancin ƙasar Amurka

Idan ka buɗe babin zaɓe na tsarin mulkin jihar Misisipi na 1890 kana laluben inda aka ce baƙar fata kada ya yi zaɓe, za ka kai ƙarshe ba ka gani ba. Tun 1870 gyara na 15 na tsarin mulkin Amurka ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa ko don ya taɓa zama bawa, shi ya sa masu rubutun suka bi ta bayan gida. Kowane sharaɗi ka karanta, ka tsaya ka tambayi kanka: a kan wa wannan zai faɗa?

Fara da sashe na 241 zuwa 244, ka jera sharuɗɗan a takarda. Na farko zama: shekara 2 a jihar, shekara 1 a mazaɓa. Masu noma gonar wani a raba amfani, waɗanda akasarinsu baƙaƙe ne, sukan tashi su koma wata gona bayan an cire auduga, sai lissafin ya koma farko. Na biyu harajin kai, dala 2 a shekara. Kada ƙanƙantar kuɗin ta ruɗe ka, dubi ranar biya. Dole mutum ya biya harajin shekaru biyu da suka wuce kafin 1 ga Fabrairu, ya kuma kawo shaidar biya, alhali zaɓen sai Nuwamba. Talakan da ke cin bashi a kantin mai gona ba ya da dala 2 a hannu, balle ya adana rasit wata tara.

Sashe na 244 shi ne inda ya kamata ka daɗe. Daga 1892, mai son rajista sai ya karanta kowane sashe na tsarin mulkin jihar, in kuwa bai iya karatu ba, a karanta masa ya yi bayani mai ma'ana. A ido kamar sassauci ne ga jahili. To amma wa ke zaɓar sashen, wa kuma ke yanke cewa bayanin ya yi? Jami'in rajista, shi kaɗai. Bature ya zo a ba shi layi mai sauƙi, baƙar fata ya zo a ɗauko masa mai sarƙaƙiya. Duk inda doka ta bar hukunci ga ra'ayin jami'i ɗaya, ja layi a ƙarƙashinsa.

Jerin laifuffukan da ke soke ƙuri'a kuma, abin da aka bari a waje za ka duba. Akwai sata, fasa gida, ƙona dukiya, rantsuwar ƙarya da ƙara aure alhali na farko na nan. Kisan kai da fyaɗe ba su shiga ba sai 1968.

Daga nan ka ɗora dokar Misisipi kusa da ta sauran jihohin kudu. Karolina ta Kudu ta riga ta gwada akwatuna takwas a 1882, kowane muƙami da akwatinsa, ƙuri'ar da ta faɗa inda ba nata ba ta lalace. Luwiziyana a 1898 ta sa sharaɗin karatu ko mallakar dukiyar dala 300, sannan ta yafe wa duk wanda shi, ko mahaifinsa, ko kakansa yake da ikon zaɓe zuwa 1 ga Janairun 1867. Ranar ce ke gaya maka komai, don a lokacin baƙar fata bai samu ƙuri'a a jihar ba.

Yanzu sai alƙaluma. Baƙaƙe masu rajista a Luwiziyana sun kai 130,334 a 1896, a 1900 sun koma 5,320, a 1904 saura 1,342. In za ka fitar da kaso, ka auna da maza masu shekara 21 zuwa sama kawai, tunda mata ba sa zaɓe a waɗannan jihohin sai 1920. Takardun gida-gida na ƙidayar 1890 yawancinsu gobarar 1921 ta lalata, don haka yi aiki da jimillar da aka buga, ko ka koma ta 1880 da ta 1900.

Kuskuren da masu bincike suka fi faɗawa shi ne ɗaukar sakamakon zaɓe a matsayin ra'ayin jama'a. A zaɓen gwamnan Alabama na 1892, gundumomin da baƙaƙe suka fi yawa su ne suka ba ɗan takarar Dimokurat, Thomas Jones, ƙuri'un da ya kayar da Reuben Kolb da su. Aringizo ne aka yi da sunayensu. Ka kuma riƙa ƙirga talakawan Turawa, don harajin ya share da yawa daga cikinsu, kuma su ne ƙashin bayan jam'iyyar manoma ta Populist.

Niyyar masu dokar ba a cikin dokar take ba, tana bakinsu. Nemi jaridun lokacin a rumbun Chronicling America na Laburaren Majalisar Amurka, kyauta ne a intanet, ka taƙaita bincike daga Agusta zuwa Nuwamban 1890, watannin taron da ya rubuta tsarin mulkin Misisipi. Wakilai sun faɗi manufarsu ƙarara. Kotun Ƙoli dai, a shari'ar Williams da Misisipi ta 1898, rubutun ta duba, ta ce bai nuna bambancin launi ba, ta bar dokar a tsaye.