Kurakuran da aka fi yi da gyaran rubutu na kai-tsaye a editan kod

An ƙirƙiri gyaran rubutu na kai-tsaye ne domin wasiƙa da rahoto, inda canza harafi ɗaya ba ya ɓata komai. A cikin kod kuwa, harafi ɗaya kan tsayar da manhaja cak.

Kuskure mafi tsada shi ne barin edita ya riƙa musanya kalma da kansa bai tambaye ka ba. Akwai kalmomin da tun asali ba daidai aka rubuta su ba, amma haka aka karɓe su. A HTTP, ƙa'idar da burauza ke bi wajen neman shafin yanar gizo, sunan nan `Referer` r ɗaya gare shi a tsakiya. Haka ya shiga RFC 1945, takardar da ta bayyana ƙa'idar, a 1996, haka yake har gobe. Abin dariya ma, `Referrer-Policy` da ya zo daga baya r biyu gare shi. A Unix akwai `creat` babu e a ƙarshe, akwai kuma `umount` babu n bayan u na farko. Edita mai karambani zai mayar maka da `Referer` ya zama `Referrer`, kod ya tashi lafiya lau, babu saƙon kuskure ko ɗaya, amma bayanin da kake jira ba zai taɓa zuwa ba. Ka wuni kana lalube a inda ba nan matsalar take ba. Saita edita ya ja layi a ƙarƙashin kalma kawai, hukuncin canzawa ya zama naka. A editan Vim, `z=` zai kawo maka jerin zaɓi ka ɗauki wanda kake so.

Sai masu kunna dubawa a kan fayil gaba ɗaya. Shafi ya yi ja wur, kwana biyu ido ya saba, har kuskuren gaske ya wuce ba a gani ba. A editan Emacs, maimakon `flyspell-mode` yi amfani da `flyspell-prog-mode`, wanda sharhi da rubutun cikin alamar zance kaɗai yake dubawa. A editan VS Code, ƙarin nan mai duba rubutu, Code Spell Checker, ya san yadda zai raba suna irin `getUserName` gida uku ya duba kowanne.

Wasu kuma sun mayar da `zg` na Vim, mai saka kalma cikin ƙamus, maganin kowane jan layi. Da sun ga ja sai su tura kalmar cikin ƙamus, har da wadda kuskure ce tsantsa, daga ranar kuma edita ba zai sake tanka musu a kanta ba. `zug` na cire ta. Kalmomin da suka shafi aiki guda, kamar sunan manhajar ko gajerun sunayen da kuka saba, a zuba su a `cspell.json`, fayil ɗin saitin Code Spell Checker, cikin ma'ajiyar aikin, kowa ya samu.

Kada ka buɗe kod a manhajar rubutu ta gama-gari. TextEdit na Mac kan mayar da miƙaƙƙiyar alamar zance lanƙwasasshiya, a ido kusan ɗaya ne, amma Python ba zai karɓa ba.

In kuma kuskuren a sunan da ka raɗa wa wani aiki (function) a cikin kod yake, misali `recieveData`, kada ka gyara wuri ɗaya ka tafi. A VS Code danna F2, ya canza sunan duk inda ya bayyana. Amma in wasu mutane na kiran wannan sunan daga nasu kod ɗin, gyaranka zai karya musu aiki. Ƙara sabon suna, ka bar tsohon yana nuni gare shi na wani lokaci. Haka in ka saki `codespell -w`, mai gyara rubutu a fayiloli da kansa, a kan aiki duka, duba `git diff` layi-layi kafin ka tura, kuma ka ware gyaran rubutu daban da sauran canje-canje, don mai dubawa ya san abin da yake kallo.