Yadda Ake Shirya Zuciya Kafin Aikin Sauya Gwiwa ko Kwatangwalo

Idan likitan ƙashi ya sanya wa mutum ranar aikin sauya gwiwa ko kwatangwalo, hankalin gida gaba ɗaya yakan koma kan kuɗin aiki, gwajin jini da wanda zai yi jinya, a manta da halin da zuciyar majinyacin take ciki. Alhali binciken likitoci ya nuna cewa wanda ya shiga ɗakin tiyata cikin fargaba mai tsanani ko ciwon damuwa ya fi jin raɗaɗi bayan aiki, ya fi buƙatar maganin kashe zafi, kuma ya fi jinkirin miƙewa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya musu gwiwa yana ci gaba da jin ciwo watanni bayan aikin, kuma yawan zullumi yana daga cikin abubuwan da ke nuna tun da wuri wanda zai iya faɗawa wannan rukuni. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon da jijiyoyi ke kawo mata, kuma tsoro yana sa ta ƙara masa nauyi.

Shiri yana farawa ne da sanin abin da za a yi. Tun da Dakta John Charnley ya daidaita aikin sauya kwatangwalo a Ingila a farkon shekarun 1960, hanyar ba ta sauya a asalinta ba: ana cire saman ƙashin da guringuntsinsa ya cinye, a maye gurbinsa da ƙarfe da roba mai ƙwari. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, sau da yawa da allurar da ake yi a gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Majinyaci ya rubuta tambayoyinsa a takarda kafin ranar ganin likita, domin a gaban likita ake mantuwa, kuma kada ya ji kunyar tambayar da ta fi damunsa. Dattijuwar da amosanin gaɓɓai ya hana ta sakat a sanyin hunturun Jos, galibi ba sunan ƙarfen ne ya dame ta ba. Abin da ke hana ta barci shi ne ko za ta sake yin sujada, ko za ta iya tsuguno a banɗaki. Matashin da sikila ta lalata masa kan ƙashin kwatangwalo kuwa, tunaninsa yana kan aure, aiki da shekarun da ƙarfen zai yi, wanda a mafi yawan lokuta yakan kai 15 zuwa 20 ko fiye. A nemi amsa ta gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Durƙuso yakan yi wa mutane da yawa wuya bayan an sauya gwiwa, kuma wanda ya san haka tun da wuri, ya tambayi malaminsa hukuncin salla a kan kujera, ba zai ɗauka aikin ya ɓaci ba ranar da ya kasa kai gwiwa ƙasa.

Bayan haka sai a koyi kama tunani. Akwai wata ɗabi'a ta zuciya da masana halayyar ɗan'adam suka fi mayar da hankali a kanta, wato mutum ya riƙa juya ciwo a ransa, yana hango mafi munin abin da zai iya faruwa, yana ganin ba shi da wata dabara. Maganinta horo ne, kuma ana son a fara shi makonni kafin aiki. Duk lokacin da tunanin "ba zan sake tafiya ba" ya zo, a rubuta shi, sannan a rubuta a ƙarƙashinsa abin da likita ya faɗa da bakinsa. A ware minti goma safe da yamma a zauna, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida. Mai zikiri ko addu'a yana iya haɗa su da wannan numfashin. Dalilin yin sa tun yanzu shi ne, ba a koyon iyo ranar da kogi ya cika. Daren farko bayan aiki ba lokacin koyon sabon abu ba ne.

Idan kuwa baƙin ciki, rashin barci ko rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, abin ya wuce na horon gida. A faɗa wa likitan ƙashi domin ya haɗa majinyaci da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, irin wanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo. Zuwa can ba hauka ba ne, duk da abin da unguwa za ta ce. Haka nan wanda ya daɗe yana shan Tramadol domin ciwon ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha, saboda jikin da ya saba da shi yana wuyar jin maganin kashe zafi bayan aiki. Kada ya daina shi farat ɗaya ba da sanin likita ba.

A ganina, wurin da aka fi yin ɓarna shi ne wurin dubiya. Mutum zai shigo da ledar lemo da kyakkyawar niyya, ya zauna a bakin gado, ya ce, "Sannu Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Ai maƙwabciyarmu ma irin aikin aka yi mata, har ta rasu ba ta ƙara takawa ba." Wani kuma ya kawo labarin mai ɗori, alhali guringuntsin da ya cinye ba karaya ba ne balle a ɗora. Saboda haka a zaɓi mutum ɗaya mai faɗa a ji a gidan, ɗa ko ƙanwa, wanda zai raka majinyaci wurin likita, ya ji bayani da kunnensa, kuma ya iya katse irin wannan hira cikin ladabi. Idan da hali, a nemi wanda aka yi wa aikin ya warke ya zo ya ba da labarinsa, har da kwanakin da ya sha wuya.

A shirya gidan ma, domin ganin an tanadi komai yana kwantar da hankali: gado a ɗakin ƙasa idan gidan bene ne, kujera mai tsayi, masai na zama, da ɗauke tabarmi da wayoyin da za su iya harɗe ƙafa. Majinyaci ya gwada tafiya da sandar dogarawa tun kafin aiki, ya kuma ga ma'aikacin gashin ƙashi ya koya masa atisayen da zai yi.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sanar da shi shi ne cewa za a tayar da shi tsaye a ranar aikin ko washegari, tun ɗinkin yana ɗanye. Ana yin haka ne domin hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa da hana gaɓar sandarewa, kuma zafin da zai ji a lokacin ba alamar wani abu ya goce ba ne. Ya nemi a ba shi maganin kashe zafi kamar rabin awa kafin atisaye, kuma mai jinya ya guji cewa "ku bar shi ya huta" idan ma'aikacin ya shigo da sandar.